TSAMIN DA KE FUSKAR DILLALIN SINADARAI



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Zuru ya san aikin dillali: shi ne mai haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa da wuri. A ilmin sinadarai ma akwai irinsa, watau abin da masana ke kira katalis. Yakan gaggauta haɗuwa ko rabuwar sinadarai, amma shi ba ya ƙarewa, kuma ba ya karɓar la'ada.

Da yawa daga cikin dillalan nan gauraye ne na sinadarai biyu, kowanne haɗe da iskar oksijin. Mafi shahara shi ne gamin silika, watau sinadarin rairayi, da alumina, wadda ake samun alminiyam daga gare ta. Abin mamaki, silika ita kaɗai kusan ba ta da tsami, amma da zarar an gama ta da alumina sai fuskar gamin ta yi tsami mai ƙarfi. Dalili kuwa shi ne, ƙwayar silikon tana da caji 4, ta alminiyam 3. Idan alminiyam ya zauna a gurbin silikon sai a sami giɓin caji ɗaya, ƙwayar furoton ta zo ta cike shi. Wannan furoton shi ne tsamin, bisa bayanin da Brønsted ya yi a 1923.

Amfaninsa a fili yake. Tsamin nan ne ke datse dogayen ƙwayoyin ɗanyen mai su zama fetur. Eugene Houdry ya kafa wannan hanya a Amurka wajen 1937, da yumɓun da aka gyara, kuma matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da sashen irin wannan aiki. To, amma fa tsami sai da gwargwado. In ya yi kaɗan, mai ba ya datsuwa. In ya yi yawa, sai baƙin gawayi ya lulluɓe fuskar dillalin ya kashe ta.

Saboda haka tilas a auna. Uwargida ta san kanwa na kashe tsamin yakuwa, kuma yawan kanwar da miya ta ci shi ke nuna yawan tsaminta. Haka masana ke yi. Sukan shayar da dillalin iskar amoniya, sa'an nan su dinga zafafa shi sannu a hankali. Yawan amoniyar da ta fito shi ne yawan guraben tsami. Gurbin da ya riƙe ta har zafi ya tsananta, shi ne mai ƙarfi. Daɗin daɗawa, akan auna faɗin fuskar da hanyar BET ta 1938, domin giram ɗaya kan ƙunshi murabba'in mita ɗaruruwa.

Ina ruwanmu da wannan? Farar ƙasar Ƙanƙara a Jihar Katsina silika ce da alumina, kuma masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi bincike kan sarrafa ta ta zama dillalin tace mai. Sai dai babu matatar da za ta sayi abin da ba a auna ba. Ma'aikatan da ke tsara kasafi su sani, kuɗin ɗakin gwaji shi ne farkon jari. Ɗalibai kuwa, aikin awon ku yake jira.