Me Ya Sa Hanyar Kan Dutse Take Kwana-Kwana?

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a Titin Ibrahim Taiwo da ke Kano ya san cewa cunkoso ne damuwarsa, amma ba hawa ba, domin hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Shi kuwa matafiyin da ya bi Hawan Kibo tsakanin Akwanga da Jos, ko ya hau tsaunin Mambila ya nufi Gembu, zai ga hanya tana murɗewa kamar maciji. Shin me ya hana injiniyoyi su miƙe ta ɗoɗar?

Don samun amsa, bari mu duba mashigin Stelvio da ke arewacin Italiya, wanda masu keke da masu tafiya a ƙafa ke tururuwar hawa da bazara. An gina hanyar tsakanin 1820 da 1825, kuma ƙololuwarta ta kai mita 2,757 bisa teku. Daga gefen arewa tana da kwana 48, kuma mai keke zai yi tafiyar kimanin kilomita 24 kafin ya hau mita 1,800.

Masana kimiyya sun tabbatar cewa aikin ɗaga kaya zuwa wani tsawo ba ya canzawa, ko ta wace hanya aka bi. Abin da ke canzawa shi ne ƙarfin da ake buƙata a kowane taki. Wannan ne dalilin da ya sa 'yan dako ke jingina dogon katako su gangaro da duro cikin mota maimakon su ɗaga shi.

Alal misali, a ce nauyin mutum da kekensa kilo 80 ne. A hanyar Stelvio, ƙarfin da ke jansa baya daidai yake da nauyin kilo 6. Da za a taƙaita hanyar ta koma kilomita 6, da ƙarfin ya ninka huɗu, ya zama kilo 24, wanda ba mai iya jurewa. Ashe kwana-kwanan tsawaita hanya suke yi domin su rage tsinin hawa.

Sai dai hatsarin ya fi yawa a gangara. Duk makamashin da aka tara wajen hawa, birki ne ke mayar da shi zafi. Idan direba ya danne birki ba sassautawa, sai ya yi zafi har ya daina kamawa. Saboda haka ake gargaɗin direbobin manyan motoci su sauko da giya ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe motar. Mai keke kuma ya riƙa kamawa yana saki.

Malamai na iya gwada wannan a aji da katako biyu, dogo da gajere, da bulo da sikelin rataya. Ɗalibai su ja bulon a kan kowanne zuwa bisa teburi, su kwatanta abin da sikelin ya nuna.