AC Ko DC: Wace Wuta Ce Za Ta Iya Jan Jirgin Ƙasa Daga Tsafe Zuwa Gusau?

Idan ka duba jikin cajar wayarka za ka ga an rubuta AC da DC. AC ita ce wutar NEPA, mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. DC kuwa hanya ɗaya take bi, irin ta batir da sola. Aikin caja shi ne ta mayar da AC ta koma DC. Jiragen ƙasa masu lantarki ma a tsakanin waɗannan biyun ake zaɓa musu.

Alhazanmu sun san duka biyun. Jirgin da ke jigila tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa tun 2010, DC yake sha, bolt 1,500, a tafiyar kilomita 18. Na Haramain da aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina, kilomita 450, AC yake sha, bolt 25,000.

Me ya kawo bambancin? Nisa. Wuta mai ƙarancin bolt tana saurin raunana a cikin waya, don haka layin DC sai an kafa masa tashar ƙara wuta duk bayan 'yan kilomitoci. AC kuwa taransifoma na ɗaga ta cikin sauƙi, har tasha ɗaya ta ɗauki kilomita 40 ko fiye. Sai dai dole jirgin ya ɗauki nasa taransifoman mai nauyi, abin da bai dace da jirgin cikin gari mai yawan tsayawa ba. Shi ya sa Blue Line na Legas, wanda ya fara aiki a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, ya tsaya kan DC, bolt 750.

To mu fa? Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa, Tsafe da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya haura kilomita 200. Idan za a sa masa lantarki, AC ce ta dace da shi. Da DC, tsakanin Tsafe da Gusau kaɗai sai an gina tashoshi da yawa, kowace da kuɗin gyara da masu gadi.

Amma fa jirgi ba waya ba ne, da za a kai shi shagon caji idan an ɗauke wuta. Muddin mai shago a Bungudu da janareta yake wuni, duk ɗan siyasar da ya yi mana alƙawarin jirgin lantarki mu fara tambayarsa: daga ina wutar za ta fito?