Yadda A Ke Ajiye Ƙwan Ƙyanƙyasa

Ya kai mai karatu, ka sani ba kowane ƙwai ne ya ke fid da ɗan tsako ba. Sai ƙwan kazar da ta ke tare da zakara. Irin wannan ƙwai yana da rai a cikinsa tun ran da aka saka shi, amma ran nan yana kwance, kamar mai barci. Aikinka shi ne ka tsare shi har ranar da za ka sa wa kaza. In ka yi sakaci, kazarka za ta kwana 21 bisa ƙwai, ta rame, ta tashi ta bar maka baragurbi.

Da fari, ka riƙa kwashe ƙwai sau biyu ko uku kowace rana, kada rana ta buge shi. Ka zaɓi madaidaici, mai tsabta, mai ɓawo lafiyayye. Mai tsaga, da ƙanƙane, da babba ƙwarai, a kai su madafa.

Kada ka wanke shi. Ɓawon ƙwai yana da ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani, kaza kuwa ta shafe su da wani abu mai hana cuta shiga. Ruwa yana wanke abin nan. In da ɗan kashi a jiki, sai ka kankare a hankali da busasshen tsumma.

Babban abokin gāba shi ne zafi. Ƙwai ya fi son sanyi na awo 13 zuwa 18 a ma'aunin santigiredi. In zafi ya yi yawa, sai ɗan tsakon ya soma girma tun ba a kwanta masa ba, ya raunana, ya mutu. Saboda haka, da bazara ka nemi tukunyar ƙasa, ka kafa ta cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗaki mai inuwa, ka zuba ƙaiƙayi a ciki, ka jera ƙwai a kai. Kada ruwa ya taɓa su. Laimar yashin kuma tana taimako da hunturu, gama busasshiyar iska tana shanye ruwan cikin ƙwai. Sanyin firiji kuwa ya wuce kima.

Ka jera su tsini yana duban ƙasa, domin a gefe mai faɗi ne ɗakin iska ya ke, wanda ɗan tsako zai fara shaƙa kafin ya fasa ɓawo. In za su daɗe, ka karkata su kullum, yau dama gobe hagu, don kada gwaiduwa ta manne wa ɓawo.

Ka rubuta kwanan wata da fensir a kan kowane ɗaya. Ga amfanin karatunka ke nan. Ƙwan da bai wuce kwana 7 ba shi ne ya fi. Bayan kwana 10 sai ƙarfinsa ya yi ta raguwa.

Sa'ad da kaza ta yi kwanci, ka fid da ƙwan daga tukunya ya huce sanyi, sa'an nan ka sa mata 10 ko 12 a dare guda, domin su fito tare. Kada ka haɗa na kaza da na zabuwa rana ɗaya, gama na zabuwa sai ya kwana 26 zuwa 28.

To, ka gwada wannan a gidanka, ka kuma karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba tukuna. Allah ya sa akurkinka ya cika.