Dizal ko Fetur: Abin Dubawa Kafin Sayen Mota ta Hannu

Mafi yawan motocin da ke bin titunan Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram ba sababbi aka sayo su ba. Sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin jirgin ruwa ya sauke su a Legas ko Kwatano ko Lome. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari nahiyar Afirka aka kawo su. Mai saye yakan zuba ido kan fenti da kujeru da sanyin na'urar sanyaya mota, alhali abin da zai ci masa aljihu shekara da shekaru yana ƙarƙashin bonet. Tambaya ta farko a nan ita ce irin man da injin ke sha, fetur ne ko dizal, wanda direbobi a Najeriya ke kira gas, a Nijar kuma gazuwal.

Injinan biyu duk Jamusawa ne suka ƙirƙiro su. Nikolaus Otto ya kammala nasa a 1876, kuma daga shi injin fetur na yau ya samo asali. Rudolf Diesel ya tayar da nasa a birnin Augsburg a 1897. Injin fetur yana haɗa mai da iska, fistin ya matse su kamar ninki goma, sannan fulogi ya ba da tartsatsi wuta ta kama. Injin dizal ba ya buƙatar tartsatsi. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta ninki goma sha biyar zuwa ashirin har ta yi zafi matuƙa, sai nozul ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. Wannan matsi mai tsanani shi ya sa ake gina injin dizal da ƙarfe mai kauri, shi ya sa yake da nauyi da ƙara, kuma shi ya sa yake tatsar aiki mai yawa daga kowace lita. Ga shi kuma litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kusan kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari. Idan aka haɗa biyun, motar dizal takan sha mai ƙasa da takwararta ta fetur da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko ɗaya cikin biyar.

Akwai kuma ƙarfin ja. Injin dizal yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, don haka ba ya gajiya da kaya ko hawa ko rairayi. Tirela da tifa da tarakta duk dizal suke sha saboda haka. Injin fetur kuwa ya fi sauƙin nauyi, ya fi shiru, ya fi saurin amsa totur, kuma ƙirarsa ta fi araha tun daga masana'anta.

Ƙarancin shan mai ba shi ne ƙarancin kashe kuɗi ba, domin farashin litar ma abin dubawa ne. A Turai, inda ƙaramar motar dizal ta yi tashe, gwamnatoci da dama sun daɗe suna sassauta wa dizal haraji, ya zama ya fi fetur araha. A Najeriya akasin haka aka yi. An sakar wa kasuwa farashin dizal tun shekaru da yawa, fetur kuma ya ci gaba da samun tallafin gwamnati, har ya zama a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar dizal ta ninka ta fetur fiye da sau uku. A wancan lokacin babu wani lissafi da zai ba ƙaramar motar dizal gaskiya. Da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan matatar Dangote ta fara fitar da dizal a farkon 2024, tazarar ta ragu ƙwarai, sai tambayar ta sake zama mai ma'ana. A Nijar, inda gwamnati ke ƙayyade farashi kuma matatar SORAZ ta Damagaram ke aiki tun 2011, gazuwal ɗin ne dai ya fi tsada: bayan ragin da aka yi a Yulin 2024 litar fetur ta koma sefa 499, ta gazuwal 618.

Lissafin ba shi da wuya, kuma bai kamata a bar wa dillali shi ba. A ɗauka, don misali kawai, motar fetur tana shan lita 9 a kilomita 100, takwararta ta dizal lita 7, ana sayar da fetur naira 900, dizal 1,100. Wanda ke yin kilomita 8,000 a shekara, daga gida zuwa ofis da makarantar yara, naira 32,000 kacal dizal za ta rage masa. Mai yin kilomita 60,000, kamar direban da ke jigila tsakanin Kano da Abuja, zai ga ragin naira 240,000. Idan kuwa dizal ya tashi zuwa 1,200 fetur yana nan yadda yake, ribar ta tafi gaba ɗaya, ta koma asara. Kowa zai iya sa farashin garinsu da tafiyarsa ya gani. Abin da lissafin ke nunawa kullum shi ne ribar dizal tana hannun mai doguwar tafiya, kuma gyara ɗaya mai tsada yana iya cinye ta shekaru biyu ko uku.

Wurin gyaran ne mutane da yawa ke shan mamaki, domin sunan da dizal ya yi na ƙarko tsofaffin injina ne suka yi masa shi. Marsandi 200D da 240D na shekarun 1970 da 1980, da injin 1HZ mai silinda shida da Toyota ke sa wa Land Cruiser tun 1990, da tsofaffin injinan Hilux, duk famfon mai na ƙarfe suke da shi, ba kwamfuta, galibi ba tobo. Suna haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma bakanike mai hankali zai iya kwance su ya ɗaure a gindin bishiya. Irin su ne ke yin kilomita rabin miliyan ba a buɗe su ba.

Motar dizal ta zamani wata aba ce daban. Daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci tsarin fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ke tura man da matsin da ya kai ninki dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu biyu na matsin iskar da muke shaƙa. Haruffa irin su HDi a bayan Peugeot, CDI a bayan Marsandi, dCi a bayan Renault da D-4D a bayan Toyota duk alamar wannan tsari ne. Ya kawo ƙarfi da shiru da tsimin mai, amma ramukan nozul ɗinsa sirara ne ƙwarai, kuma da man kansa famfon ke samun santsi. Ruwa kaɗan a tanki, ko ƙura, ko dizal da aka surka da kananzir, sun isa su cinye famfo su lalata injektoci huɗu a lokaci guda. Kuɗin sauya su yakan kai wani babban kaso na kuɗin motar kanta.

Daga 2009, da dokar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki, kusan kowace motar dizal ta Turai tana ɗauke da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Matatar tana tara baƙin hayaƙi, sai mota ta yi gudu mai ɗorewa a babbar hanya salansa ta yi zafi sosai sannan ta ƙone shi. Motar da kullum tana cikin cunkoson Sabon Gari ko Kantin Kwari, tafiyar minti goma a kashe ta, ba ta samun wannan dama. Matatar takan toshe, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi. Motocin Euro 6, na wajen 2015 zuwa yau, da yawansu sun ƙara da wani tanki na ruwan AdBlue, wanda idan ya ƙare aka kashe mota ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Wasu kanikawa sukan fasa matatar su cire, amma idan ba a gyara lissafin kwamfutar ba matsalar sai ta sake salo, kuma hayaƙin da aka yi na'urar domin tarewa ya koma hancin jama'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

An ƙera waɗannan na'urori ne don man Turai, wanda tun 2009 sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda ake shigo wa Afirka ta Yamma da dizal mai salfa ninki ɗaruruwa fiye da haka, lokacin da dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50, kuma an samu ci gaba tun daga nan. Sai dai abin da ke takarda daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a bakin hanya daban. Mai motar dizal ta zamani dole ya san gidan man da yake sha, ya riƙa sauya matatar mai kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, ya kuma kula da matatar iska a lokacin hunturu, don ƙurar da ta wuce ta kai tsaye fukafukan tobo take ci.

Yana da kyau a san dalilin da ya sa irin waɗannan motoci ke zuwa da farashi mai jan hankali. A Satumban 2015 hukumomin Amurka suka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata manhaja da ke yaudarar gwajin hayaƙi, abin da ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Bayan haka birane irin su Hambug da Situtgat da Burasal da Landan suka fara hana tsofaffin motocin dizal shiga wasu sassa ko caje su kuɗi. Dizal, wanda ya kai rabin sababbin motocin da ake saya a Turai a 2015, ya faɗo ƙasa da kashi 15 cikin ɗari a 2023. Masu tsofaffin motocin dizal na neman kai da su, kuma sau da yawa motocin kamfanoni ne da tasi da suka riga suka sha tafiya. Araha ba ta ado.

Motar fetur ma tana da nata. Tana shan mai, musamman masu silinda shida da aka ƙera don hanyoyin Amurka, kuma gurɓataccen fetur mai sinadarin methanol da aka shigo da shi Najeriya a Fabrairun 2022 ya lalata injina da dama. Amma tana da gata a ƙasar Hausa. Mafi yawan motocin hannu da ke shigowa Najeriya daga Amurka suke, inda ƙaramar motar dizal ba ta taɓa karɓuwa ba, don haka Corolla da Camry da Accord ne kanikawa suka koyi sana'a a kansu, kuma kayan gyaransu ne suka cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Ko a ƙaramin gari aka lalace za a samu fulogi da kwayil da wanda zai ɗaura. Ranar da za a sayar da ita ma ba a rasa mai saye. Sannan injin fetur yana karɓar juyi zuwa iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin Najeriya ke ƙarfafawa tun 2023, alhali juya injin dizal aiki ne mai wuya da tsada.

Saboda haka ma'aikaci ko ɗan kasuwar da tafiyarsa ta cikin gari ce, fetur ce tasa, ba tare da dogon nazari ba. Dizal ta dace da mai ɗaukar kaya, da manomin da ke shiga daji da akori-kura, da mai tafiyar hamada, da direban dogon zango, kuma ko su ma gara su nemi injin mai sauƙin ƙira ko samfurin da ke da ƙwararren mai gyara da na'urar gwada injekta a garinsu. Ƙaramar motar dizal ta Turai mai matatar toka, a hannun mai zirga-zirgar cikin gari, ita ce mafi munin zaɓi cikin duka.

Duk wadda aka zaɓa, ba a biyan kuɗi sai an gwada, kuma da bakanike na mai saye, ba na dillali ba. A je da sassafe a taɓa injin a ji shi da sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa. Dizal mai lafiya yana tashi nan take. Hayaƙi shuɗi alamar injin na ƙona baƙin mai ne, ko daga zoben fistin ko daga tobo. Baƙi mai kauri yana nuna nozul ko matatar iska, fari da ya ƙi yankewa bayan injin ya yi zafi kuma yana iya zama ruwan lagireto ne ke shiga silinda. A buɗe murfin baƙin mai injin na aiki, idan tururi na bugowa da ƙarfi to injin ya gaji. A jona kwamfutar bincike, a tambayi lokacin da aka sauya bel ɗin injin, a duba lambar shasi a intanet don gano ko motar ta yi haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Kada a gaskata lambar kilomita ita kaɗai, don ana mayar da ita baya. Cinyewar sitiyari da fedar burki da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. A tabbatar da takardun kwastan, tunda a farkon 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Dillalin da ya ƙi yarda a tayar da mota da sanyi, ko ya hana a jona mata kwamfuta, a bar masa motarsa.