Megafiksil, Dala da Katin Memori: Abin da Alƙaluman Mai Hoton Biki Ke Nufi

Takardar farashin da masu ɗaukar hoton biki ke turowa ta WhatsApp cike take da lambobi: hoto 500, bidiyo 4K, kyamara mai megafiksil 45, albam mai shafi 30, firam biyu. Wanda ke riƙe da kuɗin biki, ango ne ko uwar amarya, sai ya nemi mai manyan lambobi da ƙaramin farashi. Amma yawancin lambobin da ake tallatawa ba su ne ke yanke kyan aiki ba, waɗanda ke yankewa kuwa ba kasafai ake rubuta su ba sai an tambaya.

A fara da kuɗin, tunda a nan ake fara ja-in-ja. Kayan aikin mai hoto duk na shigowa ne, da dala ake sayen su. Canon EOS R6 Mark II ta fito a ƙarshen 2022 a kan dala 2,499, jikinta kaɗai ba gilashi. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, wato kyamarar tana kamawa kusan naira miliyan 1.15. A 2024, da dala ta kai naira 1,500, kyamarar nan dai ta koma kusan miliyan 3.75, ta ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara mata ko maɓalli ɗaya ba. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 sai ya tara albashinsa na wata 53 da ɗoriya, bai ci ko sisi ba, kafin ya saye ta. Gilashin 24-70 mai buɗewar f/2.8, wanda ƙwararru ke yawan aikin biki da shi, shi ma ya haura dala 2,000 sabo.

Ga kuma fetur. Bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a Oktoban 2024 ta wuce 1,000 a Abuja. Mai hoto yana shan mai a hanya, yana kuma sha a janareta lokacin da yake zaune gaban kwamfuta yana gyara. Ita ma kyamarar cinyewa take yi: Canon ta ƙiyasta wa marufin kyamararta 5D Mark IV ɗauka 150,000. In ana danna 2,000 a kowane biki, biki 75 ke nan. Saboda haka idan wani ya ba ka farashin da ya yi rabin na sauran, akwai inda ya rage. Ba laifi ba ne, kowa da ƙarfin aljihunsa, sai dai ya kamata ka san wurin da aka rage kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami.

Megafiksil ita ce lambar da ta fi ruɗar mutane. Masu wanke hoto suna ɗaukar ɗigo 300 a kowane inci a matsayin ma'aunin hoto mai tsabta. Da wannan lissafi, hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1,200 sau 1,800, wato megafiksil 2.2 kacal. Mai inci 8 da 12, irin na shafin albam, yana buƙatar 8.6. Babban firam mai inci 12 da 18 yana buƙatar 19.4. Kyamara mai megafiksil 24, irin Nikon D750 ta 2014 ko Sony A7 III ta 2018, tana ba da ɗigo kusan 6,000 sau 4,000, wanda ya isa hoto mai tsawon inci 20. Wanda ya fi haka girma ana kallonsa ne daga nesa a bangon falo, ido ba ya ganin bambanci. Don haka mai megafiksil 45 bai fi mai 24 komai ba a aikin biki, sai dai in zai yanko fuskar mutum ɗaya daga cikin taro ya girmama ta.

Nan ne wani ƙanin ango zai ce wayarsa tana da megafiksil 108, ko 200 irin Samsung Galaxy S23 Ultra, me ya sa za a ɓata kuɗi? Amsar tana cikin faɗin farantin da ke karɓar haske. Na babbar kyamara milimita 36 ne sau 24, wato murabba'in milimita 864. Na wayoyi mafi tsada bai kai kashi ɗaya cikin shida na wannan ba, na yawancin wayoyi kuwa ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Kwano da baho ne aka ajiye a tsakar gida ana ruwan sama, kowa ya san wanda zai fi tara ruwa.

Hasken nan shi ne ainihin magana a bikinmu. Ɗaurin aure da rana ake yi, a ƙofar gida ko a masallaci, kowace kyamara za ta iya. Amma kamu da sa lalle sau da yawa a cikin gida ne ko ƙarƙashin rumfa da yamma, dina da dare a zauren taro mai fitilu masu launi, kai amarya kuma bayan magariba, wani lokaci ba wuta. Lambar da ya kamata a tambaya a nan ita ce wadda ke bayan harafin f a jikin gilashi, kuma ƙanƙantarta ita ce alherinta. Gilashin da ke zuwa tare da ƙananan kyamarori yakan tsuke zuwa f/5.6 idan an jawo nesa. Mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wancan, mai f/1.8 kuma kusan ninki goma. Abin mamaki, gilashin milimita 50 mai f/1.8 na Canon kusan dala 200 ne, don haka rashinsa ba talauci ba ne, rashin sanin aiki ne. Kada ka yarda da hotunan da aka zaɓa aka ɗora a Instagram, waɗanda galibi na kafin aure ne da aka ɗauka a situdiyo ko a lambu da hantsi. Ka nemi a nuna maka aikin dina guda cikakke, daga shigowar amarya zuwa tashi.

Sai lambar da na fi ba muhimmanci, ita ce biyu. Ramin katin memori nawa kyamarar ke da shi? D750 da 5D Mark IV da A7 III da R6 duk suna da biyu, suna iya rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda. Canon 6D Mark II da EOS RP da Nikon Z6 ta farko ɗaya gare su. Kati yakan lalace, ba kullum ba, amma in ya lalace ba a sake ɗaura aure don a maimaita hoto. Haka nan a tambayi kyamara nawa zai zo da su, da mutum nawa. Bikin da maza ke ƙofar gida mata na ciki a lokaci guda, mutum ɗaya ba zai raba kansa biyu ba, kuma gidaje da yawa sun fi son mace ta shiga wajen mata. Wannan ƙarin kuɗi ne, a yi maganarsa tun farko.

"Hoto 500" ma yana buƙatar fassara. Waɗanda aka ɗauka ne ko waɗanda aka gyara? A ce daidaita haske da launi yana cin minti 3 a kowane hoto: hoto 300 awa 15 ke nan. In za a zauna a gyara fata da kwalliya da ɗaurin kallabi na hoto 30, kowanne minti 20, an ƙara awa 10. Biki mai shagali huɗu, kowanne awa 5, awa 20 ne a tsaye, aikin kwamfuta kuma ya fi haka. Wanda ya yi alkawarin hoto 1,000 gyararru cikin kwana biyu, launi ɗaya zai shafa musu duka.

Bidiyon 4K kuwa ɗigo 3,840 ne sau 2,160. A7 III tana rubuta shi da megabit 100 a daƙiƙa, wato megabayit 750 a minti, gigabayit 45 a awa. Awa ɗaya ta ninka sau uku gigabayit 15 na wurin ajiya da Google ke bayarwa kyauta. Idan a waya da talabijin na gida za a kalla, mai ɗigo 1,920 sau 1,080 ya wadatar, ya kuma fi sauƙin ajiya da turawa 'yan uwa.

Yadda za a miƙa maka aikin yana iya rushe duk lissafin baya. Hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba ana matse shi, dogon gefensa ya koma kusan ɗigo 1,600, ƙasa da megafiksil 2. Bai ma cika ma'aunin ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 ba. An biya kuɗin megafiksil 24, an karɓi biyu. Shi ya sa hoton ke da kyau a waya, amma da an kai shagon wanki a yi firam sai fuska ta dishe. A ce a turo su a matsayin fayil, ko a saka a filas, a kuma buɗe ɗaya a duba: cikakken hoto daga irin waɗannan kyamarori yakan kai megabayit da dama, wanda aka matse kuwa 'yan kilobayit ɗari ne. A rubuta ranar miƙa aiki, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai ranar.

Akwai kuma doka ɗaya da ta shafi gidajen da ba sa son ganin 'yarsu a shafin talla. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta bar mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka, amma ta ba wanda ya sa aka ɗauka don amfanin kansa da iyalinsa damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, da kuma ikon hana yaɗa shi ga jama'a, muddin ba a yi wata yarjejeniya saɓanin haka ba. Wasu masu hoto suna sa layi a takardarsu da ke ba su izinin ɗorawa a Instagram. In ba a so, a soke layin kafin a sa hannu, ko da zai ce farashin ya ɗan ƙaru.