RUWA A CIKIN MAN DA KE ƊAGA GARMAR TARAKTA

Ana jawo hankalin Hakimai da malamansu ga wata ɓarna da ta kan sami ƙananan taraktoci a tsakiyar damina, watau shigar ruwa cikin man haidirolik. Shi ne man da ke ɗaga garma ya sauke ta. In ya ɓaci, injin zai tashi lafiya lau, amma garma ba za ta ɗagu ba, manoman da ke jiran layi kuwa sai lokacin huɗa ya wuce su.

A ƙananan taraktoci irin Ferguson TE20, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1946, da Massey Ferguson 35 da 135 da suka biyo bayanta, mai ɗaya ne ke yi wa giya da ƙafafun baya da famfon ɗaga garma aiki. TE20 ta kan sha galan 5, watau kusan lita 23, ita kuwa 35 wajen lita 30. Famfon yana zaune can ƙasan akwatin, nutse cikin mai. To, da ya ke ruwa ya fi mai nauyi, can ya ke kwanciya, sabo da haka famfon ne ke fara zuƙarsa. Ruwa ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe kamar yadda mai ke yi. Yana kawo tsatsa a bawul, ya cinye boris da haƙoran giya a hankali, a taraktocin zamani masu birki cikin mai kuma har birkin ya kan lalata.

Galibi ta sama ruwan ke shiga. A gindin kowace libar giya akwai wata roba mai kama da hula. Zafin bazara ya kan busad da ita ta tsage, in an bar tarakta a fili sai ruwan sama ya bi jikin libar ya gangara ciki. Haka kuma robar da ke bayan kujerar direba, inda a ke ɗaura sandar garma ta sama. Wani ruwan kuwa na raɓa ne: akwati ya yi zafi da rana, ya huce da dare, iska mai laima ta shiga ta zama ɗigo. Ƙetare rafi da wankin tarakta a bakin kogi su ma suna kawo nasu. Amma abin da aka fi mantawa shi ne duron mai. In an bar shi tsaye cikin ruwan sama, ruwa ya kan taru a kansa, ya tsotsu ta bakin murfi ko da an ɗaure shi tam. Ta haka sai direba ya ɗura ruwa da hannunsa, yana tsammani sabon mai ne.

Ganewa ba ta bukatar makaniki. A zaro sandar awon mai bayan tarakta ta yi aiki. Mai lafiyayye garau ya ke kamar zuma, wanda ya sha ruwa kuwa ya kan koma kamar shayi mai madara. Iska ma ta kan sa mai ya yi fari, amma wannan in an zuba shi a kwalba ya kwana zai washe. In ana shakka, a ɗiga kaɗan a kan marfin gwangwani mai zafi: in ya yi ta tartsatsi kamar an jefa ƙosai a tuya, akwai ruwa.

In an tabbatar, kada a ci gaba da aiki. A bar tarakta ta kwana a wuri mai daidai, da safe a sassauta notin zubad da mai na ƙasa, ba tare da an cire shi ba, ruwan da ya kwanta ya tsiyaye tukuna. Sa'an nan a ta da injin, mai ya yi ɗumi, a sauke hannuwan garma ƙasa ƙwarai domin man da ke cikin silinda ya koma akwati, a kashe injin, kana a buɗe notocin duka. TE20 uku gare ta, wanda ya buɗe ɗaya kaɗai ya bar ruwa a ciki. A wanke rariyar mai ko a sake filta, in taraktar tana da su, a zuba sabon mai irin wanda littafinta ya faɗa.

Sau ɗaya ba ya cika isa ba. Man zamani ya kan riƙe ruwa a jikinsa, abin da ya saura a lunguna kuwa zai sake ɓata sabon. A yi aiki na 'yan sa'o'i a duba, in ya sake fari a maimaita. Waɗansu direbobi su kan ɗauraye akwatin da kananzir ko gas don arha. Wannan dabara ba abin yabo ba ce, gama famfon da ya yi aiki da kananzir ya kan ci kansa, kuɗin famfo kuwa ya fi na mai nesa. Lalle ne kuma a sake robobin da suka tsage kafin a zuba sabon mai, in ba haka ba ruwan mako mai zuwa zai mayad da aikin baya.

Tsohon man kada a zubad da shi kusa da rijiya ko fadama. A tara shi a duro, a rubuta a jiki.

Abin da a ke so Hakimi ya sa ido a kai shi ne a yi wa taraktar ƙasarsa rumfa, ko da ta zana ce, a kwantad da duron mai a kan katako cikin inuwa, a kuma duba mai kowane mako daga farkon damina har kaka. Malamin Hakimi ya buɗe shafi a littafinsa, ya riƙa rubuta ranar da aka duba, da launin man, da ranar da aka sake shi, da yawan litar da aka zuba, direba ya sa hannu a ƙasa.