Anammox

Anammox hanya ce ta cire sinadarin naitirojin daga gurɓataccen ruwa ta amfani da wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa inda babu oksijin. Ƙwayoyin suna haɗa amoniya da naitirayit su mayar da su iskar naitirojin, wadda ba ta da illa, domin ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa.

Dalilin cire naitirojin

Ruwan ƙazanta na gidaje da masana'antu yana ɗauke da amoniya mai yawa, musamman daga fitsari. Idan ya shiga kogi ko tafki ba a tace shi ba, gansakuka takan yi yawa, ta ruɓe, ta cinye oksijin ɗin ruwan har kifaye su mutu.

Tsohuwar hanyar tacewa matakai biyu ce. Da farko a hura iska cikin tanki domin bakteriya irin su Nitrosomonas da Nitrobacter su mayar da amoniya naitiret. Daga nan wasu ƙwayoyin su mayar da naitiret iska, amma sau da yawa sai an ƙara musu abinci kamar metanol. Hura iskar kuwa yana cin wutar lantarki sosai.

Tarihi

A shekarar 1977 masanin kimiyya ɗan Ostiriya, Engelbert Broda, ya yi hasashen cewa akwai irin waɗannan ƙwayoyi. Daga baya aka lura amoniya tana ɓacewa a wani tankin gwaji na kamfanin Gist-brocades da ke birnin Delft a ƙasar Holan, aka wallafa sakamakon a 1995. A 1999 masana suka gano cewa ƙwayoyin na rukunin Planctomycetes ne. Babban tanki na farko, mai girman mita kubik 70, an kunna shi a Rotterdam a 2002.

Yadda take aiki

Ana hura iska kaɗan, yadda kusan rabin amoniyar kawai zai koma naitirayit. Sai ƙwayoyin anammox su haɗa shi da ragowar amoniyar. A tsakiyar aikin suna samar da haidirazin, sinadari mai guba da ake amfani da shi a man roka. Ƙwayoyin kan dunƙule su zama ƙananan curi masu launin ja, saboda sinadarin ƙarfe da ke jikinsu.

Amfani da matsaloli

Hanyar tana rage buƙatar oksijin da kusan kashi 60 cikin 100, ba ta buƙatar metanol, kuma laka kaɗan take bari. Babbar matsalarta ita ce jinkirin hayayyafa: ƙwayoyin kan ɗauki kwana 11 zuwa mako 2 kafin yawansu ya ninka. Tankin Rotterdam sai da ya shafe fiye da shekara 3 kafin ya kankama. Shi ya sa yanzu ake ɗebo ƙwayoyi daga tsohon tanki a zuba wa sabo. Sun fi aiki a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 35, don haka an fi amfani da su ga ruwa mai ɗumi kuma mai yawan amoniya, kamar wanda ake tatsowa daga lakar da ta ruɓe a matatar ruwa.